Matar da Aka Kira Jane Roe

Matar da aka shigar da ƙara da sunanta har Kotun Ƙolin Amurka ta halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar, ita kanta ba ta taɓa zubar da ciki ba. Sunanta na gaskiya Norma McCorvey. A takardun kotu an sakaya sunan, an kira ta Jane Roe, kuma da wannan sunan aro duniya ta san ta. Shekara 22 bayan hukuncin, wani fasto da ya taɓa yi mata tsawa a bainar jama'a ya yi mata baftisma, ta koma sahun masu yaƙi da zubar da ciki. Bayan shekara uku kuma ta bar 'yan Furotesta ta shiga ɗariƙar Katolika.

An haife ta ranar 22 ga Satumba, 1947, a wani ƙaramin gari mai suna Simmesport a jihar Luwiziyana, ta taso a Teksas. Gidansu ba gidan kwanciyar hankali ba ne. Uban mai gyaran talabijin ne, mabiyin Shaidun Jehobah, kuma ya tafi ya bar su tun ba ta gama girma ba. Uwar mashayiya ce mai saurin hannu. Norma tana da shekara 10 ta kwashi kuɗi a wani gidan mai, ta gudu birnin Oklahoma ita da ƙawarta. Ƙarshenta hukuma ta kai ta gidan horon 'yan mata da ke Gainesville. Daga baya ta ce zaman da ta yi a can shi ne mafi daɗi a duk ƙuruciyarta, har idan aka sallame ta takan yi wani laifin da gangan don a mayar da ita. Mai son gane sauran labarin ya riƙe wannan da kyau. Yarinyar da ta fifita gidan horo a kan ɗakin uwarta, wurin zama take nema, kuma ba ta daina nemansa ba.

Ta yi aure tana da shekara 16, auren bai je ko'ina ba. 'Yarta ta fari, wadda ta haifa a 1965, ta koma hannun kakarta. Ta biyu aka ba wasu riƙo. A 1969 ta sake ɗaukar ciki, ba miji, ba aikin kirki, ga giya da ƙwaya sun kama ta. Dokar Teksas a lokacin ba ta yarda a zubar da ciki ba sai idan ran uwa yana cikin haɗari. Aka ba ta shawara ta ce fyaɗe aka yi mata, dabarar ba ta ci ba. Ta nemi wani wurin da ake yi a ɓoye, ta tarar hukuma ta rufe shi. Daga nan wani lauya mai shirya riƙon jarirai ya haɗa ta da wasu lauyoyi mata biyu, Linda Coffee da Sarah Weddington, matasa da ba su kai shekara 30 ba, waɗanda suka daɗe suna neman mace mai ciki da za su ƙalubalanci dokar da sunanta.

Sun haɗu a wani gidan cin abinci a Dalas a farkon 1970. Norma hanyar rabuwa da cikin take nema, su kuwa mai ƙara suke nema, don kotu ba ta sauraron wanda dokar ba ta shafe shi kai tsaye ba. A watan Maris aka shigar da ƙarar a kan Henry Wade, babban mai gabatar da ƙara na gundumar Dalas, mutumin da ya gurfanar da Jack Ruby bayan kisan Shugaba Kennedy. Shari'a ba ta gudun da ciki yake yi. A watan Yuni Norma ta haifi 'ya mace, aka ba da ita riƙo. Ranar 22 ga Janairu, 1973, lokacin da alƙalai bakwai suka rinjayi biyu, Mai Shari'a Harry Blackmun ya rubuta hukuncin Roe da Wade, yarinyar tana da shekara biyu da rabi tana wasa a gidan wasu. Norma ba ta taɓa halartar zaman Kotun Ƙolin ba. A jarida ta ga labarin.

Akwai abin da ya tsaya mata a rai har ƙarshen rayuwarta. A 1992 Weddington ta bayyana a littafinta cewa ita kanta ta tsallaka Meksiko ta zubar da ciki a 1967. Norma ta yi ta faɗa cewa ashe lauyar ta san hanya, ta yi gum, don ƙarar tana buƙatar ta da cikinta. Ni da nake ganin ran ɗan tayi rai ne, ba zan yi baƙin cikin wannan shirun ba, tunda a dalilinsa wata baiwar Allah ta zo duniya. Amma na fahimci ciwon Norma. Tun daga teburin gidan cin abincin nan ta gane cewa abin da ke jikinta ya fi ta daraja a idon masu ilimi.

Shekaru suka shuɗe tana aikin share gidaje da fenti, tana zaune da wata mace da suka daɗe suna soyayya. A shekarun 1980 ta zama sananniya a matsayin Jane Roe, kuma a 1987 ta amsa a wata hira cewa maganar fyaɗen ƙarya ce, ko da yake ba a kanta aka gina shari'ar ba. An yi fim a kanta a 1989. Sai dai manyan matan da ke jagorantar fafutukar 'yancin zubar da ciki ba su saki jiki da ita ba. Su 'yan jami'a ne masu iya tsara magana. Ita ko sakandare ba ta gama ba, ga baki ba linzami, ga shan giya. Ta sha yin ƙorafin cewa sun mai da ita ƙwaryar aro, a ɗauko ranar biki, taro na watsewa a kife ta bayan ɗaki. A 1994 ta fitar da tarihin rayuwarta mai suna I Am Roe. A wajen wani taron sa hannu a kan littafin ne Fasto Flip Benham, shugaban ƙungiyar Operation Rescue, ya ɗaga murya ya ɗora mata alhakin mutuwar miliyoyin jarirai.

Dole a faɗi irin zamanin da ake ciki. Operation Rescue, wadda Randall Terry ya kafa a 1986, ta yi suna wajen zaman dirshan a ƙofar asibitocin zubar da ciki. A Wichita kaɗai, a 1991, an yi kame fiye da 2,600. Wasu masu tsattsauran ra'ayi kuma sun wuce nan: an harbe Dakta David Gunn a Fulorida a 1993, aka kashe wani likitan da mai rakiyarsa a 1994, sannan aka kashe ma'aikata mata biyu kusa da Boston a ƙarshen wannan shekarar. Wanda ya ce rai yake karewa ya ɗauki bindiga ya kashe mutum, ya ƙaryata kansa da hannunsa. A cikin wannan yanayi na tsoro Norma take aiki a wani asibitin zubar da ciki a Dalas mai suna A Choice for Women, sai ga shi a watan Maris na 1995 Operation Rescue ta kama hayar ofis a jikin bangonsu.

An fara da zage-zage da kiran 'yan sanda. Amma Norma mai shan taba ce, kuma duk lokacin da ta fito waje ta kunna, sai ta ci karo da maƙwabtan. Wata rana Benham ya same ta ya nemi gafarar maganar da ya yaɓa mata. Ya gaya mata cewa shi ma tsohon mashayi ne, har gidan giya ya taɓa mallaka kafin ya tuba. Wannan ya shige ta fiye da duk wani wa'azi, don ba ta saba jin mutum mai matsayi ya sauko ya ce mata ni ma irinki ne ba. Ya riƙa ce mata Miss Norma, ita kuma ta laƙaba masa Flipper.

Wadda ta ƙarasa aikin kuwa wata yarinya ce 'yar shekara bakwai, 'yar wata mai aikin sa kai a ofishin. Yarinyar ba ta san siyasa ba. Takan rugo ta rungume Norma, ta yi ta roƙon ta zo cocinsu. Sai uwar ta gaya wa Norma cewa lokacin da take ɗauke da cikin wannan yarinyar, saura kaɗan ta zubar. Norma ta ce daga ranar abin ya daina zama mata maganar doka da 'yanci, ya zama fuskar yarinyar da take riƙe mata hannu. Ta bi su coci. Ranar 8 ga Agusta, 1995, Benham ya nutsar da ita a tafkin ninƙaya na bayan wani gida a yankin Dalas, kyamarorin talabijin suna ɗauka, Amurka ta yi ca.

Ko a lokacin ba ta juya gaba ɗaya ba. Ta gaya wa 'yan jarida cewa har yanzu tana ganin a bar mace ta zaɓa a watanni ukun farko. Daga baya ta ba da labarin yadda ta tsaya gaban wani hoton bango mai nuna yadda ɗan tayi yake girma mako bayan mako, ta ga ido da yatsu, ta kasa ci gaba da kallo. Tun daga nan ta riƙa cewa ba ta yarda da zubar da ciki ba ko a wane mataki. Ta ce alaƙarta da abokiyar zamanta ta koma zumunci kawai. A 1997 ta kafa ƙungiyarta, Roe No More.

To me ya kai ta Katolika, alhali 'yan Furotesta ne suka jawo ta? Sai an ɗan koma baya. Yau mutane suna ɗauka cewa masu bishara na Amurka tun fil azal suke yaƙi da zubar da ciki. Ba haka ba ne. A 1971 babban taron Baftis na Kudu, ɗariƙar Furotesta mafi girma a ƙasar, ya zartar da ƙuduri na neman a sassauta doka idan an yi fyaɗe, ko ɗan tayin yana da mummunar nakasa, ko lafiyar uwa tana cikin haɗari. W. A. Criswell, shahararren faston babban cocin Baftis na Dalas, ya yi na'am da hukuncin 1973 da farko. Linda Coffee 'yar Baftis ce, Weddington kuma 'yar faston Metodis. A wancan lokacin ana kallon adawa da zubar da ciki a matsayin maganar 'yan Katolika. Babbar ƙungiyar kare rai ta ƙasar ta samo asali ne a 1968 a ƙarƙashin inuwar bishof-bishof ɗin Katolika, kuma Nellie Gray, wadda ta fara tattakin shekara-shekara na Washinton a 1974, 'yar Katolika ce. Sai a 1979, da Francis Schaeffer da likitan yara C. Everett Koop suka zagaya ƙasar da jerin finafinansu, masu bishara suka farka da yawa. A 1980 Baftis na Kudu suka juya akalarsu.

Da suka shigo filin, sai suka tarar da mutanen da aka raine su a kan ƙyamarsu. Fasto mai riƙe da Littafi Mai Tsarki ya durƙusa a bakin titi kusa da tsohuwa mai jan carbi, 'yan sanda suka jefa su mota ɗaya. Abin da muhawarar malaman tauhidi ta kasa yi cikin ƙarni huɗu, ɗakin tsare masu laifi ya fara yi. Wasu daga cikinsu suka shiga tambayar kansu: me ya sa cocin Katolika bai taɓa sauya magana a kan wannan batu ba, mu kuwa ƙuri'ar babban taro takan kai mu gabas yau, gobe yamma? A watan Maris na 1995, watan da Operation Rescue ta tare kusa da Norma, Paparoma John Paul na Biyu ya fitar da wasiƙarsa Evangelium Vitae a kan darajar ran ɗan Adam, kuma 'yan Furotesta da dama sun karanta ta. Richard John Neuhaus, faston Lutaran, ya shiga Katolika a 1990. Randall Terry da kansa ya bi a 2006. Lila Rose, wadda ta kafa ƙungiyar Live Action, ta shiga a 2009. Abby Johnson, tsohuwar shugabar wani asibitin zubar da ciki na Planned Parenthood a Teksas, ta shiga a 2012. Kada a zaci ambaliya ce. Mafi yawan masu bishara da ke wannan fafutuka suna nan a cocinsu, kuma a Amurka masu barin Katolika su koma Furotesta sun fi masu yin akasin haka yawa. Amma a cikin jagororin wannan gwagwarmaya, hanyar ta zama sananniya.

Ita Norma ba ta hanyar littattafai ta bi ba. A bayanin da ta fitar a 1998 ta ce uwarta asalinta 'yar Katolika ce, kuma takan kai ta coci tana ƙarama ta bar ta a can ita kaɗai. Ta ce abubuwan daɗi da take tunawa na ƙuruciya ba su da yawa, amma wannan yana ciki: turare, kyandir, kiɗa, jerin gwanon fada da yaransa, har takan yi hawaye. A fagen fafutuka ta saba da Fada Frank Pavone, shugaban ƙungiyar Priests for Life, ta riƙa yi masa tambayoyi, ta riƙa halartar sujadarsu. Wani dattijon fada ɗan Dominikan a Dalas, Edward Robinson, ya zaunar da ita ya koya mata aƙidar. Ranar 17 ga Agusta, 1998, aka karɓe ta a Cocin Saint Thomas Aquinas da ke Dalas. Ba a sake yi mata baftisma ba, don Katolika ta yarda da wadda aka yi da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. An shafa mata man tabbatarwa, ta karɓi Jibin Ubangiji. A ganina akwai wani abu kuma da ya ja ta. Mace ce da aka gaya wa cewa jinin miliyoyi yana wuyanta. A dandalin masu bishara, tubanta shaida ce da za ta maimaita gaban taro a kowane gari. A Katolika kuwa akwai ɗan ɗaki inda mutum zai furta zunubinsa a kunnen mutum ɗaya, a ce masa an gafarta, maganar ta mutu a nan.

Ta yi aiki tuƙuru bayan haka. Ta ba da shaida a gaban kwamitin Majalisar Dattawa a 1998 da 2005. A 2003 ta koma kotu tana neman a soke hukuncin da ke ɗauke da sunanta. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce bakin alƙalami ya bushe, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraro a Fabrairun 2005. A 2009 an kama ta sau biyu, a Jami'ar Notre Dame lokacin zanga-zangar adawa da gayyatar Shugaba Obama, da kuma a zauren tantance Mai Shari'a Sonia Sotomayor. Ta rasu ranar 18 ga Fabrairu, 2017, a gidan kula da tsofaffi a garin Katy na Teksas, da ciwon zuciya, tana da shekara 69.

Tsugune ba ta ƙare ba. A watan Mayu na 2020 tashar FX ta nuna wani shiri mai suna AKA Jane Roe, wanda Nick Sweeney ya ɗauka a watanninta na ƙarshe. A ciki, da bututun iska a hanci, Norma ta ce fafutukar tata wasan kwaikwayo ce: ta karɓi kuɗinsu, su kuma suka tsayar da ita gaban kyamara suka gaya mata abin da za ta faɗa. Shirin ya nuna takardun da ke cewa ƙungiyarta ta karɓi kyaututtukan da suka kai dala 456,911 cikin shekaru. Rob Schenck, fasto mai bishara da ya yi aiki da ita, ya amsa a gaban kyamara cewa sun san mace ce mai rauni, suka yi amfani da ita, kuma abin da suka yi bai dace ba. Pavone ya musanta cewa tubanta na bogi ne. Ya ce sun yi shekara fiye da 20 suna hulɗa, har ranar da ta rasu sun yi magana ta waya. Ɗan jarida Joshua Prager, wanda ya shafe shekaru yana bincike tare da ita da danginta kafin ya fitar da The Family Roe a 2021, ya kai ga cewa ra'ayinta na ainihi bai taɓa nisa da abin da ta faɗa bayan baftisma ba, wato a bari a watannin farko, a hana daga baya, kuma ta ci abinci a hannun ɓangarorin biyu.

Ban yarda cewa duk abin ƙarya ne ba. Kuɗin, idan aka raba shi a kan shekarun, bai wuce abin rufin asiri ba, kuma mai neman kuɗi kawai ba shi da dalilin barin manyan majami'un bishara da suka ɗaukaka shi ya je ya zauna gaban tsohon fada yana koyon katikisim. Ban kuma yarda da masu cewa maganarta ta ƙarshe ruɗin ciwo ce ba. Ta faɗa da bakinta, kuma wanda ya yi aiki da ita ya gaskata wani sashe. Abin da ke zuciyarta game da Allah, Shi ne masani. Abin da ke fili shi ne laifin waɗanda suke wa'azin cewa kowane rai yana da daraja, suka sami rai guda a hannunsu, mai rauni, mai tabon duka da giya, suka hau da shi dandali tun bai warke ba. Ina tare da su a kan jariran. A kan Norma kuwa, sun maimaita abin da lauyoyin 1970 suka yi mata, kuma nasu ya fi ciwo don da sunan ƙauna suka zo.

Ranar 24 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin Roe a shari'ar Dobbs, ta mayar wa jihohi ikon yin dokarsu, Teksas kuma ta haramta kusan kowane irin zubar da ciki. Wasu watanni kafin haka, 'yar da aka haifa a Yunin 1970 ta bayyana kanta ga duniya. Ba ta san ko ita wace ce ba sai a 1989, da 'yan jaridar National Enquirer suka gano ta tana gab da cika shekara 19. Ita da Norma sun yi magana ta waya. A wata hira a 1994 Norma ta ce mata ya kamata ta gode mata tunda ba ta zubar da ita ba, suka rabu baram-baram, kuma har Norma ta rasu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Yanzu uwa ce mai 'ya'ya uku. Da aka tambaye ta a 2021 mene ne ra'ayinta a kan zubar da ciki, ta ce tana da shi, amma ba za ta faɗa ba, don ba ta son ko wane ɓangare ya yi amfani da ita.